Zuwa ga Malam a Kumasi, kan Luwi na 14 da alƙawarin kakansa

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Wata bakwai shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai da aka ɗora maka ajin tarihi sannan ka tuna akwai Bakano a duniya. Ba komai, Bazazzagi ba ya sallama sai da buƙata. Saƙon muryarka na minti tara ya iso, shida daga ciki kukan tsadar doya ne.

Ka ce za ka buɗe darasin da maganar nan da ake jingina wa Luwi na 14, sarkin Faransa, ta cewa shi ne ƙasa. Ka bar ta, masana tarihi ba su yarda ya faɗa ba. Abin da ya fi damuna shi ne tsarin da ka karanto mini: sarki ya tashi wata safiya a 1685 ya hana addinin Furotesta, shi ke nan. Idan ka koyar haka, yara za su ɗauka mulkin mulaka'u tsawa ce kawai. Aiki ne na kusan shekara sittin, ana zare wa mutane kariya ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane mataki da kuɗin da ya ci.

Fara daga gajiya. Daga 1562 zuwa 1598 Faransa ta yi yaƙin basasa har zagaye takwas tsakanin 'yan Katolika da Furotesta mabiya Calvin, waɗanda ake kira Huganot. A Agustan 1572 aka yi musu yankan rago a Paris, kisan ya bazu zuwa wasu birane, dubbai suka mutu. Sarakuna biyu a jere wuƙa ce ajalinsu, Hanri na 3 a 1589 da Hanri na 4 a 1610, kuma duka biyun 'yan Katolika masu zafin ra'ayi ne suka soke su. Jean Bodin, masanin shari'a Bafaranshe, wanda ya rubuta a 1576 cewa ikon ƙoli ba ya rabuwa biyu, shekara huɗu ke tsakanin rubutunsa da kisan Paris. Wanda ya ga gawa a ƙofar gidansa ba ya jayayya a kan yawan ikon sarki.

Hanri na 4, kakan Luwi na 14, shi kansa Furotesta ne, ya koma Katolika a 1593 don Paris ta buɗe masa ƙofa. A 1598 ya sa hannu a dokar Nantes, kuma a nan nake so ka tsaya da ɗalibanka. Dokar ba takarda ɗaya ba ce. Akwai sassa 92 na fili, da wasu 56 na musamman, sannan takardun alƙawari biyu. Sassan sun ba Huganot damar ibada a wuraren da aka ƙayyade, ban da Paris da kewayenta, da damar riƙe muƙami, da kotuna masu alƙalai daga ɓangarorin biyu. Takardun alƙawarin kuwa, ɗaya ta ba da kuɗin biyan fastocinsu, ɗayar ta bar musu garuruwa masu ganuwa da dakaru, baitulmalin sarki na biyan albashi. To, waɗannan biyun ba a shigar da su kundin manyan kotuna ba, maganar sarki ce kawai, kuma da wa'adi. Abin da ke tsare sauran haƙƙoƙin duka shi ne wanda ya fi sauƙin janyewa.

Richelieu ya gane haka. Ya zama wazirin Luwi na 13 a 1624, ya yi wa La Rochelle, babbar tungar Huganot, ƙawanya daga 1627 zuwa Oktoban 1628. Garin na bakin teku ne, Ingila na iya kawo masa abinci, sai ya sa aka datse mashigar ruwan da shinge mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, aka cika tsofaffin jirage da duwatsu aka nutsar. Jiragen Ingila suka zo suka koma. Garin da ke da mutum wajen 27,000 ya miƙa wuya da kimanin 5,000, yunwa ta cinye sauran. Sulhun Alès na 1629 ya bar musu majami'unsu, ya karɓe ganuwa da bindiga. Kuma wannan Richelieu, babban limamin Katolika, shi ne daga 1631 yake biyan sarkin Suwidin, Furotesta, kuɗi duk shekara don ya yaƙi gidan Habsburg na Katolika a Jamus. Ka jefa wa yaran wannan su yi ta musu, ka samu ka huta, tunda na san ba ka son tsayuwa a gaban allo.

Af, mutuminka na Kurmi ya ƙara aure. Ta ukun ce. Shi da ya rantse a gabanmu cewa daga biyu an rufe ƙofa. Ranar walima aka ga babbar rigar nan ruwan toka ta sake fitowa, wadda muka sani tun muna kwana a ɗaki ɗaya. Goggo ta ce rigar ta fi amaryar shekaru.

Mu koma kan kuɗi, don nan ne kalmar "cikakken iko" take yaudara. Sarkin Faransa sayar da muƙamai yake yi. Daga 1604 alƙali ko ma'aji yana biyan kashi ɗaya cikin sittin na darajar kujerarsa duk shekara, kujerar ta zama gadon 'ya'yansa. Sarki ya samu kuɗi, amma ba ya iya korar mutumin sai ya mayar masa da abin da ya biya, kuma baitulmali kullum a bushe yake. Mafita ita ce wakilai da ake aikawa larduna da takardar aiki wadda za a iya janyewa kowace rana, su kula da haraji da shari'a da masaukin soja. Riƙe waɗannan wakilan, za su dawo. Babban harajin kai tsaye talakawa ke biya, masu sarauta da limamai ba su ciki. Limaman Katolika kan taru duk shekara biyar su ba sarki kuɗi da sunan kyauta, kuma kusan duk taro sai sun haɗa kyautar da roƙon a ƙara matsa wa Huganot. Majalisar ƙasa kuwa ta zauna a 1614, ba a sake kiranta ba sai 1789.

Luwi yana ɗan shekara goma aka gudu da shi daga Paris cikin dare a Janairun 1649, lokacin boren alƙalai da manyan sarakai da ya ci daga 1648 zuwa 1653. Bai manta ba. Da waziri Mazarin ya mutu a 1661 ya ce ba ya naɗa wani, ya sa aka kama ma'ajinsa Fouquet a shekarar. A 1673 ya umarci manyan kotuna su fara shigar da doka kundi kafin su kawo ƙorafi. A 1682 ya mayar da fada Versailles. Da safe in zai sa tufafi, wanda ya fi kowa daraja a ɗakin shi ke miƙa masa taguwa. Da dare sarki da kansa yake zaɓar wanda zai riƙe masa fitila, washegari fada duka ta san wanda ke cikin alheri. Jikokin mutanen da suka ja runduna a kan kakansa suka koma rububin riƙe kyandir, domin muƙami da fansho da auren 'ya'ya duk daga ɗakin nan suke fitowa. Wanda ya san yadda hakimai ke zama a birni kusa da sarki suna aika jakadu ƙasarsu, ba zai sha wahalar gane dabarar ba.

Yanzu ga matakan. Daga 1661 aka riƙa aika masu bincike biyu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su duba takardun kowace majami'a ta Huganot. Sai an tabbatar ana ibada a wurin tun 1596 da 1597, in babu shaida a rushe, in masu binciken sun saɓa majalisar sarki ke yanke hukunci, kuma ka san inda za ta karkata. Aka ce jana'izarsu sai da asuba ko da almuru, da ƙayyadadden adadin masu rakiya. Kotunan haɗin gwiwa aka soke su tsakanin 1669 da 1679. A 1676 aka buɗe asusun biyan wanda ya sauya addini. A 1680 aka hana matansu aikin unguwar zoma, daga baya aka rufe musu ƙofar lauya da likita. A 1681 aka ce yaro ɗan shekara bakwai zai iya barin addinin iyayensa, a ɗauke shi daga gida, iyayen su ci gaba da biyan kuɗin cinsa. Duk wannan ana yi ana cewa dokar Nantes na nan daram.

Sai soja. Lokacin barikoki ba su wadata ba, al'ada ce a sauke dakaru a gidajen mutane. A 1681 wakilin sarki a Poitou, Marillac, ya mayar da al'adar makami: ya zuba mahaya a gidajen Huganot, mai gida ya ciyar da su da dawakansu, ya kuma ba su kuɗi kullum. Kuɗi ya ƙare a sayar da gado da tukwane. Su buga ganga a ɗaka dare da rana, ba mai runtsawa. Wanda ya sa hannu ya koma Katolika, a ɗauke masa soja, a kuma yafe masa saukar baƙi shekara biyu. Duba lissafin: sojan da aka cire daga gidan da ya sallama, gidan maƙwabcin da ya ƙi ake ƙara wa. Kullum masu taurin kai na raguwa, kayan kowannensu na ƙara nauyi. A 1685 aka maimaita a Béarn da Languedoc, har ta kai jin an ce mahaya na tafe ya isa gari guda ya sallama cikin 'yan kwanaki.

Me ya sa 1685? Tsagaita wutar da Faransa ta yi da Sifaniya da daular Habsburg a 1684 ta bar dakaru ba aikin yi. Colbert, mai kula da kuɗi da masana'antu, ya mutu a 1683. Luwi na rigima da Fafaroma Innocent na 11 kan kuɗin shigar kujerun bishof da babu kowa a kai, kuma bai aika ko soja ɗaya ba lokacin da Turkawa suka kewaye Vienna a 1683, don haka yana bukatar abin da zai nuna wa duniyar Katolika. Wakilai kuma na ta aiko jerin sunaye, kowa na son nasa ya fi tsawo. Dokar Fontainebleau ta Oktoba 1685 da kanta ta kafa hujja da cewa mafi yawan Huganot sun riga sun tuba, saboda haka dokar kakansa ba ta da sauran amfani. A rushe majami'u, a rufe makarantu, fastoci su bar ƙasa cikin kwana 15, jarirai a yi musu baftisma a Katolika. Sauran jama'a kuma an hana su fita: namiji in an kama shi sai tuƙin jirgin yaƙi a ɗaure da sarƙa, mace sai kurkuku. A Maris na shekarar ne ya fitar da dokar bayi ta tsibiran Karibiyan, wadda ta ce duk bawan da aka kai, galibi daga gaɓar Afirka, a yi masa baftisma a Katolika, Yahudawa kuma a kore su. Ɗalibanka da ke da Elmina a ƙasarsu ya kamata su ji wannan.

Inda lissafin ya karye shi ne sarki ya yarda da takardun wakilansa. Sa hannu aka samu. Cikin mutum kusan 800,000, wajen 200,000 suka tsere ta duwatsu da ta teku duk da hanin. Makonni kaɗan bayan dokar, Frederick William, mai mulkin Brandenburg a Jamus, ya fitar da tasa a Potsdam yana gayyatarsu da sassaucin haraji, kimanin 20,000 suka je. Wasu Holan, wasu masaƙar siliki a Landan, kaɗan har Afirka ta Kudu a 1688. Schomberg, Furotesta kuma babban kwamanda a sojan Faransa, ya koma wajen William na Holan, ya bi shi Ingila a 1688 lokacin da aka tuɓe sarkinta James na 2. Vauban, mai gina wa Luwi ganuwoyi, ya rubuta a 1689 yana ba da shawara a dawo da su, ba a saurare shi ba. Amma kada ka zarce ka ce wannan ne ya talauta Faransa, kamar yadda za ka gani a wasu littattafan makaranta. Yaƙe-yaƙe da yunwar 1693 zuwa 1694 sun fi yin ɓarna nesa ba kusa ba.

Waɗanda suka zauna su ne ciwon da ya daɗe. Da rana a je cocin Katolika, da dare a taru a daji. Auren da fasto ya ɗaura a ɓoye doka ba ta san shi ba, 'ya'yan ba su da gado, dangi na nesa su kai ƙara su cinye gona. A 1702 manoman duwatsun Cévennes suka ɗauki makami, sai da aka aika Villars, babban kwamanda, ya yi sulhu da jagoransu Jean Cavalier a 1704, ana tsakiyar yaƙin gadon sarautar Sifaniya. Ba a amince da aurensu ba sai 1787.

Kai, takarda ta ƙare ban ba ka labarin motar Alhaji Ƙarami ba. An sayar, kuma wanda ya saya ya dawo da ita da igiya bayan kwana uku. Yanzu tana ƙofar gida kaji na ƙwai a ciki, shi kuwa ya ce injin lafiya lau, direba ne bai iya ba.

Goggo ta ce goron da ka yi alƙawari tun Sallar bara, in kana jira ne ya tsiro ya yi 'ya'ya, ta haƙura. Ka ba direban nan na Asawase ya taho da shi, fari take so. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara.

Naka,
Bakanon da ka sani