Kan Batun Wanda Ya Rubuta Tarihin Sarakunan Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan wata muhawara da ta daɗe a tsakanin masana, wadda yanzu ta iso har zaurukanmu na nan Agege. Wane ne ya rubuta littafin nan na Larabci da ya jero sarakunan Kano 48, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello?

Galibin abin da muke faɗa wa 'ya'yanmu game da Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, da Rumfa da kasuwar Kurmi, daga wannan littafi ya fito. H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908, ya sake buga ta a 1928, sannan a farkon shekarun 1930 fassarar Hausa ta fito cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ƙarƙashin kulawar Rupert East. Hatta shekarun da ake sa yara su haddace, kamar 999 na hawan Bagauda ko 1463 zuwa 1499 na Rumfa, lissafin Palmer ne. Shi marubucin, tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, Palmer ya bi su yana ƙirgawa da baya. Ka ga ke nan duk wanda ya rubuta littafin, a kan maganarsa muka dogara ƙwarai, don haka dole mu damu da sanin ko wane ne shi da kuma lokacin da ya rayu.

Masana ba su taru a kan magana ɗaya ba. Murray Last, a wata maƙala ta 1980, ya ce an fara tsara shi ne a tsakiyar ƙarni na 17, daga labarai da almara na gari. M. G. Smith ya fi karkata ga cewa tsohon rubutu ne da aka riƙa ƙara masa daga zamani zuwa zamani. John Hunwick kuwa, a 1993 da 1994, ya kawo jerin sunayen sarakuna da ke yawo a Kano a ƙarni na 19, ya tsaya a kan cewa aikin ƙarshen wannan ƙarni ne, zamanin Sarki Bello wanda ya yi mulki daga 1882 zuwa 1893. Sunan da aka fi kawowa a wannan ɓangare shi ne Malam Barka, Ɗan Rimin Kano.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wannan suna ya karɓu a wajenmu. Muna da wani zama da muke yi daren Asabar bayan sallar isha'i, da fatake masu shanu na Oko-Oba, da 'yan gwari na Mile 12, da ɗalibai 'yan ƙalilan, ana karanta fassarar Hausa sarki bayan sarki. Ranar da wani ɗalibi ya ambaci Malam Barka, wani dattijo da muke girmamawa ya ce, “Haba yaro, bawan sarki ne fa. Ina bawa ina rubuta tarihin Kano?” Da yawa suka gyaɗa kai. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ba ta taɓa takardar ko kaɗan ba, asalin mutum kawai ta duba.

Wanda ya san fadar Kano ya san matsayin Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Su ne ke tsakanin sarki da jama'a, su ke riƙe da sirrin gida, su suka san wa aka naɗa, wa aka tuɓe, da kirarin kowa. Littafin nan kuwa da irin wannan ilimi ya cika: sunayen masu sarauta a kowane zamani, da uwar kowane sarki, da kirari na Hausa zube a tsakiyar Larabci, da labarin Dirki, wani Alƙur'ani da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, da yadda Sarki Alwali ya sa aka fasa shi. Malamin zaure mai karantar da fiƙihu ba lallai ne ya san waɗannan ba, ko ya ga dacewar rubuta su. Akwai kuma abin lura. Malaman jihadi, Shehu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Bello na Sakkwato, al'adarsu ce su ambaci sunansu tun a farkon littafi. Wannan littafi bai ambaci sunan marubucinsa ba. A ganina hakan ya fi kama da aikin ɗan fada da ya rubuta don gidan ubangidansa. Kuma labarin ya tsaya a kan Sarki Bello, bai shiga Basasar da ta biyo bayan rasuwarsa ba.

Ni dai na fi gamsuwa da cewa hannu ɗaya ne ya tattara shi a ƙarshen ƙarni na 19, daga bakin maroƙa da tsofaffin fada da tsofaffin takardu. Amma masu cewa ya girmi haka suna da hujjarsu, domin da wuya sunaye masu yawa haka su rayu ɗaruruwan shekaru a ka kawai. Ga kuma Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga a tsakiyar shekarun 1960, jerin sarakunanta ya saɓa da na littafin a wurare da dama. Wanda zai ƙi Malam Barka, ya ƙi shi da irin waɗannan hujjoji, mu saurare shi da kunnen basira.

Matsalarmu a nan Legas ita ce babu ko mutum ɗaya a zamanmu da ya taɓa ganin Larabcin da idonsa, alhali akwai alarammomi da malamai a cikinmu da za su iya karanta shi. Maƙalun masanan ma duk da Turanci suke, a mujallun da ɗan kasuwa ba zai kai gare su ba. Shi ya sa nake roƙonka, ranka ya daɗe, ka ware shafi na wasu makonni, a riƙa buga Larabcin gefe da gefe da Hausarsa, ka kuma gayyaci malaman tarihi na Jami'ar Bayero da na Gidan Arewa a Kaduna su bayyana mana hujjar kowane ɓangare da harshenmu. Idan akwai gidajen da ke riƙe da tsofaffin kwafi a birnin Kano, a roƙe su su bari a ɗauki hotonsu, a ga hannun da ya rubuta da abin da aka sa a ƙarshen kowanne.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas