Likita, wa ya kamata a ba maganin tsinka jini cikin masu ciwon ƙoda?

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, Allah ya ƙara basira.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon ƙoda. Tambayata a kan gudan jini ne mai toshe jijiya, musamman ga manya masu zubar da furotin a fitsari. Ka san su: fitsari mai kumfa, fuska da ƙafafu a kumbure, furotin ya haura giram 3.5 a awa 24, albumin, wato wani furotin da ke cikin jini, ya faɗo ƙasa da 2.5 a awon jini alhali bai kamata ya gaza 3.5 ba. Ƙodar da ke yoyo ba albumin kaɗai take zubarwa ba, har da antitrombin mai hana jini daskarewa, hanta kuma tana ƙara fitar da sinadaran da ke daskarar da shi. Sai a ɗora musu Lasix, maganin da ke sa yawan fitsari, don kumburi ya sauka, jini ya ƙara kauri, ga firednisolon, maganin da ake ba su don rage zubar furotin, ga kwanciya dare da rana, duk suna ƙara haɗarin gudan jini. Masu wankin ƙoda kuma suna da nasu haɗarin: robar da ake sakawa a wuya ko matsematsi.

Abin takaici, kumburin yana ɓoye gudan, tunda ƙafa biyun duk a cike suke. Shi ya sa muke auna kaurin sha-raɓa da tef, santimita 10 ƙasa da gwiwa. In ɗaya ta fi ɗaya da sama da santimita 3, ga zafi da ciwo, sai a ɗauki hoton jijiya a duba ko akwai gudan. Haki kwatsam, ciwon ƙirji ko tarin jini kuwa, mai yiwuwa gudan ya isa huhu ke nan, ba a jira.

Inda nake neman haske shi ne rigakafi, don mutanen nan jininsu na saurin daskarewa, kuma yana saurin ɓallewa. Allurar enoksafarin mai tsinka jini tana taruwa a jiki in awon ƙarfin tacewar ƙoda ya gaza 30, dole a rage. Ƙwayar warfarin, ita ma mai tsinka jini, ta fi araha, amma sai ana awon INR, wato awon saurin daskarewar jini, a kai a kai don ya tsaya tsakanin 2 da 3. Wanda ya koma ƙauye ina zai samu awon? Ga zogale da alayyahu da rama suna rage mata ƙarfi, ga maganin ciwon jiki diklofenak na kemis da ake sha a ɓoye, mai jawo zubar jini a ciki, ya kuma ƙara illata ƙodar.

To Likita, wanda albumin ɗinsa ya kai 2.2, yana tafiya da ƙafarsa, bai taɓa samun gudan jini ba, kuma awon INR ya yi masa nisa, a fara masa warfarin ko asfirin ya wadatar? In an fara, albumin zai kai nawa kafin a tsayar? Sannan me za mu gaya wa wanda ya nace sai ya yi azumi alhali yana kan Lasix?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ma'aikaciyar jinya, daga Kano