Ga masu neman digiri na biyu a fasahar koyarwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin malamai da matasa masu niyyar neman gurbin digiri na biyu a fannin fasahar koyarwa. Sha'awar wannan fanni ta ƙaru tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu har hukumar UNESCO ta ce ɗalibai fiye da biliyan 1.5 sun zauna a gida. Sai dai da yawa daga cikin masu cike takardar neman gurbin suna zaton kwas ne na ƙwarewa a kwamfuta, kuma wannan zato ne yake jawo wa wasu rashin samun gurbi, wasu kuma su samu su yi ta da-na-sani tun a zangon farko.

Jigon karatun shi ne yadda ɗan Adam yake koyo da yadda ake tsara darasi domin ya shiga. Ɗalibi zai fara da ka'idojin koyo, sannan matakan gina darasi, tun daga nazarin buƙatar masu koyo har zuwa auna abin da suka ƙaru da shi, sai kuma hanyoyin bincike da ƙididdiga, waɗanda su ne suka fi ba mutane wahala. Ana koyon manhajoji irin su Moodle, wadda ake gudanar da darussa ta intanet da ita, amma a matsayin kayan aiki kawai. Ga misali: malami ya cika allon majigi da rubutu, ya tsaya yana karanta shi kalma bayan kalma, yana ganin ya zamanantar da darasinsa. Binciken Richard Mayer, masanin yadda ake koyo, ya nuna cewa mai koyo ya fi fahimta idan aka haɗa masa hoto da bayanin baki, aka rage rubutu da kwalliyar da ba ta da amfani. Gane dalilin haka, da iya gwada shi a kan ɗalibai na gaske, shi ne abin da ake zuwa nema.

Muhawara kan ko na'ura ita kaɗai tana ƙara koyo ma ba sabuwa ba ce. A 1983 wani masanin fannin, Richard Clark, ya ce na'ura tamkar motar dakon abinci ce, wadda take kai kaya amma ba ita take gina jiki ba, daga baya wani masanin, Robert Kozma, ya ƙalubalance shi da cewa kowace kafar koyarwa tana da abin da ta fi iya isarwa. A ganina hujjar Clark tana da nauyi, idan aka dubi abin da ya faru a ƙasar Peru, inda aka raba wa yara ƙananan kwamfutoci, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi da harshe ba. Tsarin da masana Punya Mishra da Matthew Koehler suka gabatar a 2006 ya karɓu, domin ya nuna cewa dole malami ya haɗa sanin darasinsa da dabarar koyar da shi da kuma na'urar da ta dace da su.

Duk wannan ya shafi takardar neman gurbi kai tsaye. Sakamakon digiri na farko da wasiƙun shaida daga malamai ko shugabanni a wurin aiki abubuwa ne da kowa zai kawo, haka ma jarrabawar Turanci irin su IELTS ko TOEFL inda ake buƙatarsu. Inda ake bambanta shi ne takardar bayanin manufa. Wanda ya rubuta cewa yana son kwamfuta tun yana yaro bai faɗa wa masu tantancewa komai ba. Gara ya kawo matsala guda daga aji: ɗalibansa suna haddace ƙa'idar lissafi amma ba sa iya aiki da ita, ga abin da ya gwada, ga inda ya tsaya, ga kuma tambayar da yake son ya bincika. Irin wannan matsala ce take zama kundin bincike daga baya.

Ya kamata kuma mai nema ya binciki jami'ar kamar yadda za ta bincike shi. Ya tabbatar hukumar da ke da alhaki ta amince da kwas ɗin, ya karanta jerin darussan, ya san ko da kundi ake kammalawa ko da aikin gwaji, sannan ya duba ko akwai malamin da bincikensa ya yi kusa da nasa. Mai shirin yin karatun ta intanet kada ya ɗauka sauƙi ya samu, domin karatun da rubutun duk suna nan, abin da ya ragu kawai shi ne mai tuna masa ranar miƙa aiki.

Ina kuma kira ga jami'o'i da su riƙa wallafa cikakken jerin darussa da fannonin binciken malamansu kafin a buɗe neman gurbi, maimakon hotunan ɗakin kwamfuta.

Naka,
Wani malami mai karanta jaridarka