Godiya ga Alhaji mai shagon littattafai a Gusau da yaran shagonsa

Assalamu alaikum Alhaji, da kai da yaran shago baki ɗaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya kasuwa ya iyali, ya kuma haƙuri da wanga yanayi da muke ciki, Allah shi kawo muna sauƙi amin.

Na san in da baki na zo na faɗa maka wannan maganar cewa za ka yi haba Malam ai ba komai, ka kawar da zancen, shi ya sa na ga gara in rubuta a fili kowa ya gani. Ban sa sunanka ba don na san ba ka son haka, amma masu sayen littafi a garin nan za su gane shagon da nake nufi, gaba littattafan makaranta ne da na addini, can ciki kuma akwai kanta guda ta gwanjon littattafan zane, wato komik. A kan wannan kantar nake godiya.

Ni mutum ne mai tara komik tun ina yaro har yau da nake da iyali. Wurare da dama in na tambaya sai a yi min wani irin kallo, ko a ce halan yara za ka kai ma? A shagonka ba a taɓa yi min haka ba, kai da na tambaya ma labari ka ba ni na mujallar African Film da kuke karantawa kuna samari, ta Lance Spearman mai malafa da kwat, wadda ba zane ba ce hotunan mutane ne ake ɗauka a jera a sa masu magana a baki. Tun ran nan na san na samu wurin zuwa.

Babban abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutun shi ne abin da ya faru da dilar da aka kawo maku daga Legas kafin azumi. A ciki aka samu Fantastic Four lamba 52, kuma duk mai bin komik ya san a nan ne Black Panther, sarkin Wakanda ɗin nan da yara suka sani a fim, ya fara fitowa a 1966, aikin marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby. Na samu labari wani ya gani ya ce ma yaronka ai wannan dukiya ce, a sa shi a leda a ɗora masa kuɗi mai kauri akwai masu saye ido rufe, to kowa ya san irina ake nufi. Amma da na zo, kafin ma in miƙa hannu yaronka ya ɗora yatsa kan layukan nan baƙaƙe na jikin bango da ake haskawa da na'ura a kanti, ya ce Malam duba nan, na 1966 ba shi da wannan, kuma shi na asalin kuɗinsa santi 12 na Amurka aka rubuta a jikinsa, wannan maimaici ne aka sake bugawa, ga takardar ma fara fes, sannan ya buɗe ya nuna min shekarar bugun da aka rubuta da ƙananan baƙi a ƙasan shafi. Kai kuma daga inda kake zaune ko ɗagowa ba ka yi sosai ba ka ce a ba ni shi a kuɗin sauran. Wallahi Alhaji abin ya tsaya min a rai. Ba wanda zai kama ku in kun yi shiru, a Gusau mutum nawa ne zai bambanta? Na saya na kai gida na karanta, labarin shi ne, zanen Kirby shi ne, ban rasa komai ba.

Masu tara komik kashi-kashi ne ai. Akwai wanda lamba ta 1 kawai yake bi ko da bai san mi ke cikin ta 2 ba, akwai mai bin jarumi guda, in Spider-Man ne to shi kenan duk inda ya gan shi sai ya saya, akwai mai bin mai zane ba ruwansa da ko wane labari ne. Akwai kuma waɗanda ke aika littafi ga kamfanin CGC a Amurka a duba lafiyarsa a ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, a rufe shi ruf cikin roba mai tauri, daga nan kuma ba mai sake buɗe shi. Ban raina ra'ayin kowa ba, kowa da kuɗinsa, amma ni wannan na ƙarshen bai kwanta min ba ko kaɗan. Abin da zan karanta nake saye, in karanta in maimaita, ɗiyana su karanta, ɗan maƙwabci ya ara ya maido. In na san ba zan buɗe littafi ba to ko kyauta ne wuri kawai zai cinye min.

Na dage kan wannan ne saboda yanzu samari sun fara shigowa harkar da tunanin kuɗi. Sun gani a Facebook an ce Action Comics lamba 1, inda Superman ya fara fitowa a 1938, wanda santi 10 aka sayar da shi a lokacin, an yi gwanjon kwafi ɗaya dala miliyan 6 a 2024. Gaskiya ne an yi. Amma ba a gaya masu dalili ba, a takarda mai arha aka buga shi, yara suka karanta suka yar, iyaye suka share suka zubar, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka bi gida-gida ana tattara tsoffin takardu, sai ƴan kaɗan suka tsira, ƙarancin ne ya kawo tsadar. Mutanen Amurka su ma sun taɓa ruɗuwa da wannan a farkon shekarun 1990, kowa ya ce bari ya saya ya ɓoye. X-Men lamba 1 na 1991 da Jim Lee ya zana sama da kwafi miliyan 8 aka sayar, an yi masa bango kala biyar don mutum ɗaya ya sayi biyar, labari ɗaya ne a ciki fa. Ya zama kamar mai ɓoye gero da kaka yana jiran tsadar bazara alhali kowa a garin ya cika rumbunsa. Kasuwar ta faɗi, shaguna da yawa suka rufe, kamfanin Marvel mai buga X-Men ɗin kansa sai da ya kai ga bayyana karyewa a kotu a 1996. Irin na waɗannan shekarun su ne na fi gani a dilolin da ke iso mana nan. Na ji da kunnena kana gaya ma wani yaro ɗan jami'a da ya kwaso guda-guda har ya cika hannu cewa ya ajiye rabi, ya ɗauki wanda zai karanta, in yana neman abin juyawa ne ya je ya sayi akuya. Ɗan kasuwa ne fa ke rage ma kansa ciniki don kar yaron mutane ya zubar da kuɗin makaranta.

Yadda nake saye kuma kun riga kun haddace shi. Sai albashi ya shigo an auno abinci an biya na makaranta da na magani, abin da ya rage nake ware ɗan kaɗan, in wata ya yi tsauri to ba saye, zuwa kawai nake mu gaisa in duba kanta. Labari cikakke nake nema, don ba abin da ke ci min rai kamar in samu kashi na 1 da na 2 da na 5 na labari mai kashi shida, shi ya sa na fi son manyan kundin nan da ake haɗa labari duka a bango ɗaya, sun fi arha in ka lissafa shafi da shafi, sun fi jure hannun yara, kuma ba su da fil ɗin tsakiya da ke tsatsa ya ci takarda. Oda daga waje kuwa na cire ta a lissafi, sabon komik ƙwaya ɗaya a can dala 4 zuwa 5 ne, labarin ciki bai fi shafi ashirin da ɗoriya ba, ka juya shi zuwa naira ka ɗora kuɗin aiko, ai abin ba na mai albashi ba ne.

A nan ne littafin yaronka ya yi min rana. Wani ɗan littafin rubutu ne na ƴan firamare da bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, yana ajiye shi ƙarƙashin na'urar POS, kowane kwastoma da shafinsa, ya rubuta sunan labari da lambobin da mutum ya rasa, in an samu ɗaya ya ja masa layi da jan biro. Ba ni na ce ya yi ba, shi ya ga dacewar haka. In dila ta iso sai kawai in ga saƙo a WhatsApp da hoton bango, Malam ga lamba kaza ta zo amma shafin baya ya yage kaɗan, in ajiye ko in bari? Ya faɗi aibin kaya kafin a tambaye shi. Wannan tarbiyyarka ce Alhaji, ba a makaranta ya koyo ta ba.

Wanda zai fara tarawa, abin da nake ce masa ya fara da irin su Tintin na Hergé ɗan Beljiyam da aka fara a 1929, ko Asterix na Faransa da aka fara a 1959, don galibi kowane littafi labarinsa a cikinsa yake ƙarewa. Amma na Kwango a cikin Tintin ban kai shi gida ba kuma ba zan kai ba, yadda aka zana baƙar fata a ciki cin mutunci ne. Kuma na ji daɗi da kuke ware waɗanda ba su dace da yara ba ku sa su sama inda hannun yaro bai kaiwa, don gaskiya a cikin na Turawan nan akwai masu shigar banza da zubar da jini fiye da kima, uba sai ya duba kafin ya miƙa. Ko namu na gida, Ikebe Super na Wale Adenuga da ya fara a 1976, inda Papa Ajasco ya samo asali, tarihi ne mai kyau a ajiye amma ba na yara ba ne.

Namu na Afirka su nake sa wa gaba in kuɗi bai kai na sayi biyu ba. Supa Strikas da muka taso muna rububi saboda ƙwallo, yanzu in ka ga tsohon kwafi mai lafiya ka riƙe shi da kyau don yawancinsu an naɗe ƙosai da gyaɗa da su. Ga kamfanin Comic Republic a Legas masu buga jarumi Guardian Prime, ga Roye Okupe da ya yi Malika, sarauniya mayaƙiya a masarautar da ya kira Azzaz, wadda daga tarihin Amina ta Zazzau ya samo ta. Da kuka sa aka aiko min littafin Malika ta mota daga Legas, ɗiyata ta fari ta zauna da shi a tsakar gida har aka kira magariba ba ta motsa ba, Turancin da take gudu a makaranta ranar da kanta ta ɗauko ƙamus. Daga baya tambayar da ta yi min ita ce mi ya sa ba a yi na Hausa ba. Ni ma tambayar da nake yi kenan. Ga Kanta na Kabi da ganuwar Surame, ga Ƴargoje ta Zamfara, ga yaranmu masu zane a bayan littafin lissafi da ba wanda ya kula su, in aka samu mai buga irin wannan da Hausa ni ne farkon layi, kuma na san kantarka za ta karɓa.

Wajen adana ma daga gare ku na ɗauki darasi. Na ga kantar ba ta jingine da bango ba, an ɗora ƙafafunta kan bulo saboda gara da danshin damina, kuma ba ta fuskantar ƙofa inda rana za ta koɗar da launi. Nima haka na yi a gida, akwatin ƙarfe a kan benci, kowane littafi a ledarsa da ɗan kwali a baya don kar ya lanƙwashe, ba selotef ba ɗaurin roba, don su biyun nan bayan ɗan lokaci narkewa suke su bar tabo.

Ba zan manta da lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 ba, ba kira ba intanet, yaran unguwa sun rasa abin yi, zaurena ya zama wurin karatu, har na ƙare abin ba su. Kai ka ce in riƙa kawo waɗanda aka gama in musanya da wasu, ba ka karɓi ko kwabo ba. Haka da aka shiga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, ga ba kuɗi a hannu ga tiransifa na maƙalewa, ka ce in tafi da kaya duk ran da ta shiga ta shiga. Ko rubutawa ban ga an yi ba.

Roƙona biyu ne. Yaron nan naka a riƙe shi da kyau, in da hali a ƙara masa wani abu, ya cancanta. Sannan in mutuminka na Legas zai haɗo kaya na gaba a tuna masa da cigaban Malika, yarinyar ta dame ni da tambaya, kuma in an ci karo da tsoffin Supa Strikas ko da bangon ya tafi ina so.

Allah shi yi ma kasuwa albarka, shi tsare ku da dukiyarku a hanya da gida, shi jiƙan magabata, shi ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. A gaida Hajiya da yara.

Wassalam, naka mai sayen komik daga Tudun Wada, Gusau.