Kuɗin sare giginya a cikin gida ya fi ƙarfinmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Giginyar bayan gidanmu a nan Bauchi tun zamanin kakanmu take tsaye amma yanzu ta zama abin tsoro, ɗanta ɗaya in ya faɗo kan kwano sai ka ce an jefo dutse, ga yara kullum suna wasa a ƙarƙashi. Na kira masu injin yanka, da suka ga tsayinta da wayar wuta da katangar maƙwabci sai suka ce dole a hau a sare ta gunduwa-gunduwa ana saukowa da igiya, kuɗin hawa daban, na fetur daban, tone kututture ma daban, jimilla ta kusa albashina na wata. Na san tun cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi. Abin da ya fi min ciwo, in aka daddatsa ta ba azara, alhali azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, da ita kaɗai ta rage min kuɗin aikin.

Don Allah ma'aikatar muhalli ta taimaka mana da ma'aikata da kayan aiki cikin sauƙi kafin iskar damina.

Naku,
Mai karatu daga Bauchi