Wasiƙa ga 'Yata Kan Makullan Fayil

Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Mahaifiyarki ta ce an damƙa miki kula da sabar ofishinku, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kowa, mai aiki da manhajar Linux. Allah Ya taya ki riƙo. Sai dai na ji kin ce wani fayil ya ƙi buɗuwa, kika buga masa chmod 777, umarnin nan na sauya izinin fayil, kika wuce. Abin ya tsaya mini a rai.

Tsarin izinin nan gadon Unix ne, tsarin sarrafa kwamfuta wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs a 1969. Fayil kashi uku ya raba mutane: mai shi, 'yan rukuninsa, sai sauran jama'a. Karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, sai a tara wa kowane kashi lambarsa, a jere su uku. In kin ga 640, mai shi ya karanta ya gyara, 'yan rukuni karatu kawai, bare ko leƙe. To 777 fa? Kin cire ƙyauren zaure har da na turaka, kin ce kowa bismillah.

Ga inda na taɓa shan kunya ina sabon ɗauka. Na kulle fayil ɗin albashi da 600, ina ta alfahari, ashe foldar da yake ciki a buɗe take ga kowa. Wani abokin aiki ya share shi cikin kuskure, shi da ko layi ɗaya ba ya iya karantawa. Sharewa izinin folda take bi, ba na fayil ba. Ki riƙe wannan.

Wata rana za a ce mai binciken kuɗi, shi kaɗai, ya ga wani fayil. Kada ki cusa shi cikin rukuni, don duk abin da rukunin ke gani zai gani. Nan ne amfanin ACL, jerin sunaye da aka rataya wa fayil, kowa da iyakarsa. Da setfacl ake sa suna, da getfacl ake dubawa, kuma ls -l, umarnin jero fayiloli, zai nuna miki alamar + a ƙarshen izinin. Ki lura da layin mask: shi ne rufin da izinin masu suna ba ya wucewa, kuma in fayil na da ACL, lambar rukuni ta chmod mask ɗin take taɓawa.

Gobe da safe ki koma kan fayil ɗin nan, ki fara duba waye mai shi. Ina zargin chown, umarnin sauya mai fayil, yake buƙata tun farko.

Ƙannenki suna gaishe ki.

Mahaifinki