Wasiƙar makaranta: tafiyarmu zuwa tsohuwar magudanar itace ta Schwarzenberg

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, barkanmu da war haka, ya aiki ya ɗawainiyar yara. Kamar yadda muka yi alkawari a taron da ya wuce, bana ajin Hausa na ranar Asabar zai fita daga Linz a je yawon ƙafa a daji, kuma wurin da malamai suka tsayar shi ne tsohuwar magudanar nan ta Schwarzenberg da ke kan iyakar Ostiriya da Cek. Tun da aka sanar wasu iyaye mata ke kira suna tambaya wai kwata za a kai musu yara kallo, to shi ya sa na ce bari in ɗan yi bayani.

Ba kwata ba ce, hanyar itace ce. Shekaru ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce Biyana, babban birnin Ostiriya, na fama da tsadar itacen wuta, kun dai san sanyin ƙasar nan, ga shi lokacin babu gas babu hita, alhali can a dajin Böhmerwald wanda 'yan Cek ke cewa Šumava itace ne jibge har yana ruɓewa ba mai ɗauka don babu hanya. Dajin na gidan sarautar Schwarzenberg ne. Matsalar ita ce ruwan wannan gefen duk arewa yake gangarawa, ya faɗa kogin Vltava ya nufi Prag, su kuwa masu kuɗin sayen itacen suna kudu a bakin kogin Donau. Sai wani injiniyan gidan mai suna Josef Rosenauer ya ce shi zai iya juya ruwan, a haƙa magudana ta bi gefen duwatsu tana tattara ƙoramu har ta tsallake tudun da ya raba ruwan arewa da na kudu. Ya kai shawarar aka yi shekaru ana jan ƙafa, sai a 1789 aka fara haƙa. Shi kansa ya rasu a 1804 bai ga ƙarshen aikin ba, don kashi na biyu sai a 1821 aka kama shi, a nan ne aka huda dutse a Jelení Vrchy aka yi rami mai tsawon kusan mita 400 ruwa na bi ta ciki. Gaba ɗaya hanyar ta haura kilomita 50.

In kun gan ta za ku raina ta wallahi, faɗinta bai fi mita biyu da ɗan wani abu ba, zurfin ma bai kai tsayin ɗan firamare ba, an jera duwatsu a gefe da gefe, gansakuka ta rufe su. Amma ta nan aka tura itace kimanin kubik mita miliyan 8 zuwa Biyana. Masu gatari su sare su faskara, lokacin sanyi a sauko da shi kan katakon jan kaya bisa ƙanƙara a tara bakin magudana, in ƙanƙara ta fara narkewa ruwa ya ƙaru sai a buɗe madatsai a yi ta watsa faskare a ciki, ga ɗaruruwan mutane jere a bakin ruwa kowa da doguwar sanda mai ƙugiya, aikinsu kawai kada itace ya cushe, don in ya cushe wuri ɗaya ruwa ya yi ambaliya aikin ranar ya lalace. Daga nan itacen ya faɗa kogin Große Mühl, a tsame shi kusa da Donau, a bari ya bushe a loda a jiragen ruwa sai Biyana. Ni abin da nake so yaranmu su gani ke nan, yaran da ɗumi a wajensu maɓalli ne a bango.

Kwal da jirgin ƙasa ne suka kashe kasuwar. A 1916 aka daina tura itace ta gefen Ostiriya, gefen Cek kuma suka ci gaba har farkon shekarun 1960, tun kafin nan ma wani yankin wurin ya riga ya zama bakin iyaka na sojoji da waya mai ƙaya, ba mai zuwa, sai bayan 1989 aka buɗe aka fara gyara. Yanzu hanyar da masu ƙugiya ke tsayawa ita ce hanyar masu yawon ƙafa da keke, da bazara kuma akan yi wa baƙi gwajin tura itacen.

Ga masu tsoron yara za su gaji, ku kwantar da hankalinku, don ruwa aka yi hanyar ba don hawa ba, gangararta a hankali take ta yadda ƙafa ba ta ma ji, mu kuma ba duka za mu taka ba, ɗan yanki ne kusa da ramin, mu tsaya a ƙofarsa ta sama wadda aka gina kamar ƙofar fada a ɗauki hoto.

Abu mafi muhimmanci, za mu tsallaka cikin Cek, don haka kowane yaro ya zo da fasfo da katin zama, na gaske ba hoto a waya ba, wanda bai zo da su ba bas ba zai ɗauke shi ba, don Allah kar a ce ba a faɗa ba. A sa musu kambas mai kauri da dogon wando da safa saboda kaska, dajin akwai ta sosai, in sun dawo a duba bayan gwiwa da hammata da bayan kunne. Rigar ruwa ma a saka a jaka, da abinci da gorar ruwa, mu za mu taho da dadduma da buta. Muna neman iyaye ko huɗu da za su raka mu, maza da mata, musamman wanda ke ɗan jin Jamusanci sosai. Rana da kuɗin bas suna cikin takardar izini da muka ba yara, a sa hannu a dawo da ita Asabar mai zuwa in sha Allah.

Na gode, a gaida gida.
Malamar ajin manya, a madadin sauran malamai